Zobba Biyu a Kujerar Baya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya ƙafa? Yaya kunne? Umma ta ce ranar da ta kira ka a waya ta yi ta zuba kana ce mata "to, to, madalla," ashe labarin rasuwar maƙwabciyarta take ba ka. Shi ya sa na ce gara in rubuto, in ba Dogo direban motar kaya, tunda yana bi ta ƙofar gidanka.

Ko da ka manta, ni ce jikar ƙanwar mahaifiyarka, wadda aka sa wa sunan mahaifiyar taka kake kirana Uwata. Rabona da kai tun ina makaranta. Yanzu ina aiki a ɗakin magani na asibiti, na yi aure, na haihu. Yaron ya fara zama, kumatu kamar an hura masa iska, har sunansa ya ɓace a gida sai Mai Kumatu. Babansa bai taɓa ganinsa ba sai a hoto, don wurin haƙar ma'adinan da yake aiki ba sa sakin mutum.

Kawu, na sayi mota. Kar ka yi dariya, irin taka ce sak, har shekarar ƙira. Umma ce ta zaɓa. Ta ce motar da ta jure wa Kawunki da halinsa za ta jure wa kowa. Tana tafiya lafiya, sai dai in na murza sitiyari har ƙarshe ina jin ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba ta hagu. Makaniki ya ce sai an sauke gaban motar gaba ɗaya. Me ka gani?

Sai labari mai daɗi. Maigidana ya aiko wa yaron kujerar mota sabuwa, mai hannuwan ƙarfe biyu a bayanta da ya kamata su kama wani abu a jikin kujerar baya. Mun duba mun duba ba mu ga abin kamawa ba, ga shi mai motar na farko ya sa an ɗinke kujerun da fata mai kauri. Sai Yaya, wan maigidana, da yake mai walda ne, ya cire majinginar kujerar ya kai shagonsa, ya lanƙwasa rodi ya yi zobba biyu, ya liƙa su a ƙarfen majinginar, ya shafa musu baƙin fenti. Ya ajiye aikin ƙofar wani ya yini a kai. Ka ga aikin kamar daga kamfani. Hannuwan suna shiga su ce ƙyas.

Da zarar an ba ni hutu zan tuƙa mu je wurin babansa. Hanyar doguwa ce, ga hawa da gangara ga manyan motoci, amma yanzu hankalina a kwance yake.

Na haɗo maka da man zafi, ka riƙa shafawa a gwiwa.

'Yarka,
Uwarka


Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, man zafi ma ya iso, na gode. Ƙafa tana nan yadda take. Kunne kuwa ya riga sauran jiki yin ritaya, kuma ban ga laifinsa ba, don babu abin ji a zamanin nan sai ƙarya da ƙarar janareta. Ban manta ki ba. Masu tunawa da ni ba su yi yawan da zan rikita su ba. Allah ya raya Mai Kumatu, ya sa ya fi mu sa'ar zamani. Ki gaishe da Ummanki, ki ce mata na ji saƙonta a kan halina, wannan dai kunnen bai hana ba.

Maganar ƙas-ƙas. Kada ki bari a sauke miki gaban mota. Ki leƙa bayan tayar, za ki ga shaf ɗin da ke juya ta, da baƙar roba mai ninki-ninki a bakinsa. Na tabbata robar ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Kan shaf ɗin kawai za a canja da robarsa. Ki tsaya a kansu har su gama, kuma ki karɓi tsohon da suka cire ki gani da idonki. Makanikan yanzu in kika ce musu kanki na ciwo, ƙafa za su fara yankewa. Tawa motar lagireto ne ke yoyo. Wanda na kai wa ya liƙe shi da sabulu da gam, ya dube ni ya ce injin ne ya tsufa kamar mai shi. Na ƙarar da ƙuruciyata ina karatun yadda ƙarfe ke ɗaukar nauyi da yadda yake gajiya, ga ni yau a tsaye mai sabulu yana yi mini darasi.

Yanzu abin da ya hana ni cin abinci tun da na karanta takardarki. Zobban nan, kada ki sa yaron a kansu. Ko zuwa bakin titi kada ki yi.

Ki saurara. Mota tana gudu ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ke cikinta ci gaba yake da tafiya. Yaron da kike ɗauka da hannu ɗaya, shi da kujerarsa, a wannan ƙiftawar idon nauyinsu yana ninkuwa ya fi na ƙaton mutum. Duk wannan nauyin a kan zobban zai sauka. Ƙyas ɗin da kike ji ba shaida ba ce, makullin akwati ma yana cewa ƙyas. Fenti kuma ban taɓa ganin ya riƙe komai ba sai idon mai saye.

Wanda ya liƙa rodi a jikin kujera ya ce a ɗaure jariri a kai, ko dai bai san aikinsa ba ko bai san darajar rai ba. Ƙofa da gado yake yi. Ƙofa ba ta gudu. Na san irin waldar bakin titi, tofin yawu ce da tartsatsi. A cire su a jefar.

In motar ba ta da wurin kamawa nata, ki duba ko kujerar yaron tana da hanyar da bel ɗin mota zai bi, a ɗaure ta da shi. A baya za ta zauna, fuskar yaron tana kallon baya. Kada tausayi ya sa ki kawo shi gaba kusa da ke, don jakar iskar da ke gaban nan in ta fashe ba ta san jariri ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki rubuto mini kafin ki kama hanya.

Kawunki


Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Mai Kumatu ya yi ɗan zazzaɓin haƙori, ya warware.

Maganar shaf yadda ka faɗa haka take. Robar ce ta yage. An canja, ƙarar ta tafi. Na gode.

Sauran maganar kuwa na karanta ta har na gaji da karantawa. Kawu, ka ce Yaya bai san darajar rai ba. Ranar da naƙuda ta zo mini da gardama, maigidana yana can wurin aiki, wayarsa ba ta shiga, Yaya ne ya kai ni asibiti. Da aka ce ana neman jini, shi ya miƙa hannu, da baƙin gawayin walda a jikinsa. Jininsa ne a jikina yanzu da nake rubuta maka. Rufin ɗakina in ya yi yoyo shi ne, famfo in ya lalace shi ne. Shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba, yaron nan shi ne sanyin idonsu.

Da wane baki zan je in ce masa aikin da ya yini yana yi a cire a jefar? Kullum ya zo sai ya buɗe motar ya taɓa zobban nan yana murmushi. In na ɗaure da bel zai gani, kuma kujerar ma ba ta da hanyar bel, na duba. Kai ba ka san shi ba, ba ka ga aikin ba.

Zan riƙa tafiya a hankali. Allah ne mai tsarewa. An ce hutuna ya kusa fitowa.

Ba zan ƙara damunka da maganar kujera ba.

'Yarka


Uwata,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da zazzaɓin ya tafi. Ni ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na lura wannan karon "'Yarka" kawai kika sa a ƙasa. Na gane. Mahaifiyata ma in ta yi fushi da ni haka take rage mini suna.

Ban san mutumin ba, gaskiyarki. Abin da na rubuta, ko bai san aiki ba ko bai san rai ba, da niyyar ki ɗauki na farkon na rubuta, sai kika ɗauki na biyu. Laifin alƙalamina ne, ya saba da cizo. Mutumin da ya ba ki jininsa ya fi ni amfani a wurinki nesa ba kusa ba, ni da ko katin gaisuwa ban aiko ba. Amma Uwata, babbar motar da birkinta ya tsinke a gangara ba ta tambayar wa ya ba da jini. Kuma tafiya a hankali taki ce ke kaɗai, na bayanki da na gabanki ba su yi miki alkawari ba. Allah ne mai tsarewa, haka ne. Shi ne kuma ya ba ki hannu biyu da ido.

Da na gama karanta takardarki na fita tsakar gida na buɗe tawa motar. Tunda ƙirarsu ɗaya, abin da ke cikin tawa yana cikin taki. Na durƙusa a kan gwiwar nan da kika aiko wa magani, na cusa hannu a tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina. Na fito da biro, da murfin kwalba, da ƙurar da ta girme ki. Can ƙasa sai yatsana ya taɓa ƙarfe. Guda biyu ne a kowane gefe, kaurinsu kamar fensir, a lanƙwashe kamar hannun bokiti. Ba a jikin kujera suke ba. A jikin motar kanta suke, a ƙasan da aka ƙera ta da shi. Shekara da shekaru suna nan ban taɓa sa musu komai ba, don lokacin da na sayi motar nawa 'ya'yan sun riga sun girma sun kama gabansu. Tashi daga durƙuson sai da maƙwabcina ya kama ni.

Naki suna nan a ƙarƙashin fatar da aka ɗinke. A tsaga fatar daidai wurin, tsawon yatsa, a ture soso gefe, za a gan su. Hannuwan kujerar yaron su aka yi wa. In sun kama, ki riƙe kujerar daga gindi ki jijjiga da ƙarfinki. In ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu, ba ta zauna ba. Ƙafar ƙarfen da ke gaban kujerar yaron ki sauke ta har ta tokari ƙasan mota. Igiyar ƙirjin yaron kuma ki ja ta har ki kasa tsunkuro ta da yatsu, kuma ban da rigar sanyi mai kauri a ƙarƙashinta. Zai yi kuka. Ki bar shi ya yi.

Saura maganar bakin da za ki faɗa wa Yayanku. Ba naki za ki yi amfani da shi ba, nawa za ki ara. Ki ɗauki takarduna biyu, wannan da waccan mai zafin, ki miƙa masa. Ki ce wani tsohon kawunki ne mai baƙar zuciya ya tasa ki gaba, ya hana ki sakat, kin rasa yadda za ki yi da shi. Duk dangi za su ba da shaida, don ba yau na fara ɓata wa mutane rai ba. Wanda ruwan sama ya riga ya daka ba ya gudun yayyafi. Ya zage ni son ransa, kunnen ma ba ji yake ba. Ke ki fita da mutuncinki a idonsa, yaron ya fita da ransa.

Kin ce ba za ki ƙara damuna ba. Ki dame ni.

Kawunki


Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ina fata da gaske, ba don haka ake fara takarda ba.

Dogo ya wuce ya sake wucewa, hannunsa babu komai. Na ce fushi ne, kuma na cancanta. Na saba da shirun dangi, ba ya hana ni barci.

Amma jiya da ya tsaya na matsa masa, sai ya rubuta mini a bayan kwalin sigari abin da ya gani, tunda ihun da yake yi ba ya shiga. Ya ce gidanki a kulle, maƙwabta sun ce kwana biyu ba su gan ki ba. Ya ce ya ga motarki a ƙofar shagon mai walda, ƙofofi a buɗe, babu kujerar baya, majinginar tana yashe a ƙasa a lanƙwashe, fatar a yage. Ya tambayi masu shagon kusa, suka ce mai waldar ya tafi neman kaya, ba su san ranar dawowarsa ba.

Na san abin da ke lanƙwasa majingina haka. Na tambaye shi gaban motar fa, ya ce bai duba ba. Mutum ya yi shekara talatin a kan titi bai san ya dubi gaban mota ba.

Na je wurin maƙwabcina ya kira Ummanki, wayar ba ta shiga. Na sa an cika lagireto da ruwa, na ɗora jarkoki a but da niyyar in taho, motar ta tafasa tun ban fita unguwa ba. Aka turo ni gida.

In fushi ne, ki ci gaba da shi, halal ɗinki ne. Layi ɗaya kawai nake roƙo, ko wani ya rubuta a madadinki: yaron yana lafiya? Na ce wa Dogo in bai same ki ba ya ajiye wannan a shagon mai waldar.

Kawunki


Kawuna,

Wa alaikumus salam. Yaron yana lafiya. Ni ma lafiya. Na sa shi a farko don kar ka karanta sauran da tsinkewar zuciya. Babu hatsarin da ya faru. Daga ɗakin maigidana nake rubuto maka, Mai Kumatu yana kan cikin babansa yana ja masa gemu.

Ka yafe mini shirun. Yaya ne ya kira ni ya karanta mini takardarka ta ƙarshe a waya, da ya zo wurin jarkoki a but sai muryarsa ta canja, ya ce, "Ke, rubuta wa tsohon nan yau ɗin nan, kafin ya kashe kansa a hanya." Na yi kuka, Kawu. Ban san abin da Dogo ya gani zai zo maka a haka ba.

Ga yadda aka yi. Takardar da ka ce in kai wa Yaya ta kwana biyu a jakata ina jin nauyi. Ranar da aka ce hutuna ya fito na ga babu sauran lokaci, na tuƙa zuwa shagon Yaya, na gaishe shi, na miƙa masa duka biyun, na faɗi abin da ka ce in faɗa. Ya ɗage gilashin walda ya karanta a tsaye. Mai faci da mai fenti, maƙwabtan shagonsa, suna zaune a benci.

Ya ce, "Tofin yawu da tartsatsi. Ni?"

Na ce, "Yaya, haka yake, kowa ya san shi."

Ya ce, "Ƙofa ba ta gudu. To. Matso da motar nan jikin ginshiƙi."

Mai faci ya ce, "Maigida, bar tsoho da bakinsa mana."

Ya ce, "A'a. Yau sai an rubuta masa amsa, kuma ƙarfe ne zai rubuta."

Ya ciro kujerar yaron ya miƙo mini. Ya kwantar da kujerar gaba, ya buɗe ƙofa, ya zura sarƙa ya maƙala a zobe ɗaya, ɗaya bakin ya haɗa da abin jan sarƙar da yake ɗaga manyan ƙarafa da shi, ya ɗaure a ginshiƙin rumfa. Ya fara ja yana cewa, "Ku zo ku ga yawu." Sarƙa ta miƙe. Ya ƙara. Mai fenti har ya fara tafi.

Sai muka ji ƙara kamar an taka gwangwani. Majinginar gaba ɗaya ta ɓalle daga maƙalinta ta kifo gaba. Bututun ƙarfen majinginar da ya liƙa zoben a kai ya yage ya buɗe baki. Zoben kuwa yana nan a bakin sarƙa, da guntun bututun manne a jikinsa, waldar ko tsagewa ba ta yi ba.

Mai fenti ya daina tafi. Can mai faci ya ce, "Ai waldarka ta riƙe, Maigida."

Yaya ya ce, "Ta riƙe. Da ita da yaron za su tafi tare."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya daɗe yana kallon zoben. Ni kuwa ina tsaye da yaron a goye, na ƙara tamke majanyi, don a kan wannan zoben na kai shi rigakafi na dawo. Sannan ya miƙe ya ce in sake karanta masa wurin da ka ce a tsaga. Ya ɗauko wuƙa ya tsaga fatar, ya ture soso. Ga su nan, Kawu, guda biyu, yadda ka kwatanta, ko tsatsa babu.

Ya dafe kai ya ce, "Wallahi na gan su ranar da na cire majinginar. Na ɗauka na riƙe soso ne."

Mai fenti ya ce, "To su ma a gwada su mana, kar tsoho ya ci bulus."

Ya maƙala sarƙar a ɗaya ya ja a hankali. Ƙarfen bai ce komai ba. Motar ce da kanta ta fara matsowa wajen ginshiƙi, da birkin hannu a ɗage. Sai ya saki.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne neman wata majinginar. Ya ce ba zai gyara waccan ba, kuma ba zai bari in hau hanya da wadda ba ta kulle da kyau ba. Ya rufe shago ya bi wuraren masu sayar da kayan tsofaffin motoci gari-gari har ya samo. Ni kuma da babu mota na koma gidan Umma, don ya fi kusa da asibiti, wayarta kuma ta faɗa ruwan wanki. Abin da Dogo ya tarar ke nan. Da aka haɗa komai na ce zan rubuta in na isa, sai murnar isowa ta ɗauke mini hankali. Wannan laifina ne.

Ranar tafiya Yaya da kansa ya sa kujerar, ya jijjiga ta har motar tana rawa, ya sauke ƙafar, ya ja igiyar. Yaron ya tsala ihu. Matarsa ta ce a sassauta masa, ya ce, "Tsoho ya ce a bar shi ya yi." Ya yi kukansa ya yi barci, bai farka ba sai da muka tsaya shan mai.

Yaya ya ce in gaya maka abu biyu. Na farko, ya gode. Na biyu, maganar yawu ba ta wuce ba, yana jiran ka janye ta a rubuce.

Ni kuwa ban san yadda zan gode maka ba. Ka ara mini bakinka lokacin da nawa ya kasa, ka durƙusa a kan ciwo saboda yaron da ba ka taɓa gani ba. Babansa yana gaishe ka, ya ce Allah ya saka da alheri.

'Yarka,
kuma Uwarka har gobe


Uwata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Layinki na farko na karanta na ajiye takardar, na zauna a bakin gado na daɗe, sannan na ci abinci, sannan na karanta sauran. Lafiyata lau. Yau har na ce wa maƙwabcina sannu da aiki, ya tsaya yana kallona ko zazzaɓi ne.

Ga saƙon Yayanku, ki karanta masa yadda yake. Malam mai walda, na janye maganar yawu. Na zagi waldar da ban gani ba, ita kuma ta fi ƙarfen motar ƙarfi. Na yi zamani da manyan masu takardu da za su gwammace a mutu da a gwada aikinsu a gaban jama'a. Kai ka ɗaura wa naka sarƙa da hannunka, a gaban maƙwabta da matar ƙaninka, ka ja har ya faɗi gaskiya. Ni na yi tsammanin zagina kawai za ka yi. Na gode da ka ba ni kunya. Sai dai ka sa ma'auni ka duba ƙarfen da ka ja na biyu, ka tabbata bai karkace ba, kuma kada ka sake. An yi shi don jariri ne, ba don jan mota ba.

Ke kuma ki daina maganar godiya, ta yi yawa. Ni ne da godiya. An daɗe ba a tambaye ni abu ba, balle a ji, balle a yi fushi da ni kamar ana buƙatata. Ki gaishe da baban yaron. Ki ce masa ya bar gemun a ja, bashin wata da watanni ne yake biya.

Hutu ƙarewa yake, kuma hanyar dawowa ita ma hanya ce, gangaren da kika hau shi za ki sauka. In babansa ya cire kujerar don ya wanke motar, kada ki yarda da ƙyas. Ki kama gindinta ki jijjiga da kanki, ko da zai ji haushi. In ya ji, ki ce ni ne.

Kawunki